Tarihin Jirgin Ruwa Queen Mary Da Yadda Aka Yi Zama A Cikinsa

Tsakanin ƙasar Ingila da ƙasar Amurka akwai wata teku mai faɗin kimanin mil 3,000, wadda a ke kira Atlantika. Kafin jiragen sama su karɓe hanya, duk mai bukatar ƙetare ta, basarake ne ko talaka, ba shi da wata dabara sai ya shiga jirgin ruwa, ya danƙa amanar ransa ga matuƙa har ran da aka ga tudu. A cikin jiragen da suka yi wannan sufuri kaɗan ne suka yi suna kamar Queen Mary. Galibin masu ba da labarinsa daularsa su ke kambamawa, watau abinci da kiɗa da shimfiɗu. Amma wanda ya san aikin hukuma, in ya duba da idon basira, zai ga gari ne sosai aka ɗora bisa ruwa, mai mutum fiye da 3,000, da unguwanninsa da shugabanninsa da baitulmalinsa da dokokinsa, kuma daular nan duk bisa tsari da riƙon aiki ta ke zaune.

Asalin al'amarin

Kamfanin da ya mallaki jirgin sunansa Cunard, sunan Samuel Cunard ke nan wanda ya kafa shi. Gwamnatin Ingila ta ba shi kwangilar ɗaukar wasiƙu zuwa Amurka, jirginsa na fari, Britannia, ya tashi daga Libaful ran 4 ga Yuli, 1840. Jirgin katako ne, tsawonsa ƙafa 207, fasinjansa 115, ya yi mako biyu kafin ya isa Boston. Da ya ke babu na'urar sanyaya abinci a zamanin nan, har saniya a kan tafi da ita don a sami madara a hanya.

Da tafiya ta yi tafiya, kamfanin ya zama yana tayar da jirgi kowane mako daga Ingila zuwa Niyok, amma sai da manyan jirage uku aikin ke yiwuwa. Shugabannin kamfani suka zauna suka yi lissafi, suka ga in aka sami jirage biyu waɗanda za su iya gudun mil 28 da rabi na teku a sa'a, dare da rana, to, biyun nan sun isa, ɗaya na tafiya ɗaya na komowa. Mil na teku kuwa ya ɗara mil na tudu tsawo kaɗan. To, gudu irin wannan sai da manyan injuna, manyan injuna sai da babban jirgi, babban jirgi kuwa ba ya biyan kuɗinsa sai an cika shi da fasinja masu abin hannu, su kuwa ba sa zuwa sai an ƙawata musu wuri. Ashe girman nan da ƙawar nan duk daga alƙalamin masu lissafi suka fito.

Gininsa

Aka ba kamfanin John Brown aikin, a bakin kogin Kilaid a ƙasar Sikotilan, aka soma cikin Disamba, 1930. Ba a raɗa masa suna ba tukuna, da lambarsa a ke kiransa, watau 534. Shekara guda da somawa sai karayar ciniki da ta game duniya ta tsayar da aikin, aka sallami dubban ma'aikata, gangar jirgin ta zauna tana tsatsa fiye da shekara biyu, mutanen garin suna kwana suna tashi suna dubanta, ba aiki ba albashi. Daga baya Gwamnati ta yarda ta ba da rancen fam 3,000,000 don a gama shi, bisa sharaɗin kamfanin Cunard ya haɗe da abokin gasarsa White Star su zama ɗaya. Aka koma aiki cikin Afrilu, 1934. Ran 26 ga Satumba na shekaran nan Sarkin Ingila Joji na Biyar ya zo da matarsa Sarauniya Mary, ita ta raɗa wa jirgin sunanta, aka tura shi ruwa.

Tsawonsa ƙafa 1,019, girmansa a ma'aunin jirage ya haura tan 80,000, hawansa 12, bututun hayaƙinsa uku. Ran 27 ga Mayu, 1936, ya tashi tafiyarsa ta fari daga Sautamton, ya biya Sharbur ta ƙasar Faransa, ya isa Niyok ran 1 ga Yuni, Kyaftin Edgar Britten ke riƙe da shi. Cikin Agusta na shekaran nan ya karɓe kambun gudu daga hannun jirgin Faransa mai suna Normandie. Normandie ya ƙwace cikin 1937, Queen Mary ya sake karɓewa cikin 1938, sa'ad da ya ratsa tekun cikin kwana 3 da sa'a 21 da minti 48, kambun ya zauna hannunsa har 1952.

Unguwanni uku

An shirya jirgin don fasinja 2,139, aka kasa su aji uku: aji na ɗaya 776, na biyu 784, na uku 579. Ma'aikata kuwa 1,101 ne, watau kowane fasinja biyu da ma'aikaci guda ke nan. Kowane aji da unguwarsa, da wurin cin abincinsa, da zauren hirarsa, da ɗakin wasan yaransa, an kuma sa ƙofofi tsakani don kada wani ya ƙetara zuwa inda bai biya ba.

Rabon unguwannin nan da dalili aka yi shi. In teku ta motsa, goshin jirgi shi ya fi tashi da faɗuwa, bayansa kuwa can farfela ke juyawa, yana karkarwa dare da rana. Tsakiya ita ce wurin natsuwa. Saboda haka aka ba aji na ɗaya tsakiya, aji na biyu baya, aji na uku goshi. Mai kuɗi da farko barci ya ke saye, sauran abubuwa su biyo baya.

Duk da haka ba a wulakanta aji na uku ba. Kakanninsu da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarnin da ya gabata cikin manyan ɗakunan ƙasa aka riƙa zuba su, wasu da kwanoninsu da barguna. Na Queen Mary kuwa ɗakuna aka ba su masu gado da shimfiɗa, suna cin abinci bisa tebur, boyi na kawo musu. A cikin fasinja na shekarun nan akwai Yahudawa masu gudun zaluncin Hitila a Jamus. Kamfani ya keɓe musu ɗakin ibada, shi ne na fari da aka gina tun asali cikin irin wannan jirgi, da madafa dabam inda a ke dafa abinci bisa ƙa'idar addininsu.

Zauren cin abinci na aji na ɗaya shi ne ɗaki mafi girma a jirgin, tsayinsa ya ci hawa uku, yana ɗaukar mutanen ajin duka a zama guda. An lulluɓe bangayen jirgin da katako iri fiye da 50 da aka tattaro daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin Ingila a lokacin. A bangon zauren nan akwai babbar taswirar Atlantika, da ɗan jirgi na ƙarau mai tafiya a kanta sannu a hankali, yana nuna wa masu cin abinci inda aka kai. Hanya biyu aka zana a taswirar, ta arewa da ta kudu, gama a watannin da manyan duwatsun ƙanƙara ke gangarowa daga arewa sai jirage su karkata kudu su kauce musu. Wannan darasi da tsada aka saye shi, tun daren da Titanic ya nutse cikin Afrilu, 1912, da rai kimanin 1,500.

Yinin fasinja

Bari mai karatu ya bi mutumin aji na ɗaya ya ga yadda yininsa ke wucewa. Daga Landan jirgin ƙasa na musamman ke kwaso su har bakin jirgin ruwa a Sautamton. An riga an liƙa wa akwatunansa takardu, waɗanda zai bukata a hanya a kai ɗakinsa, sauran a saukar da su rumbun ƙasa, ba zai sake ganinsu ba sai Niyok. Ba a daɗe da tashi ba sai a buga ƙararrawa, kowa ya sa rigar ceto ya tafi ya tsaya inda aka rubuta masa, ya san kwale-kwalensa. Kwale-kwalen ceto 24 ne, kowanne da injinsa.

Da safe boyi ya kawo masa shayi har gado. In zai yi wanka ya tarar da famfo huɗu, biyu na ruwan teku, mai zafi da mai sanyi, biyu na ruwan daɗi, gama ruwan daɗi a tsakiyar teku abin tattali ne. Bayan karin kumallo ya fita yawo a dogon barandan da ke kewaye da jirgi, ko ya kishingiɗa bisa kujera a lulluɓe shi da bargo, wajen ƙarfe 11 a kawo masa romo mai zafi a kofi. Akwai jarida da a ke bugawa cikin jirgin, labaranta ta wayar iska su ke zuwa da dare, da safe a raba. Akwai kantuna, da banki, da ɗakin karatu, da wanzamai, da tafkin iyo biyu, da majigi, da asibiti da likitansa, har da ɗakunan karnukan fasinja a can sama. Wanda ciniki ya matsa masa yana iya ɗaukar tarho a tsakiyar teku ya yi magana da Landan ko Niyok.

Da tsakar rana a kan liƙa yawan mil da jirgi ya ci tun jiya, masu son caca su kan sa kuɗi a kan wannan lissafi tun da dare. Da la'asar shayi da kiɗa. Da almuru kowa ya koma ɗaki ya sa kayan ado don jibin dare, in ban da daren tashi da daren sauka, sa'ad da kaya ke cikin akwati. Babbar daraja ita ce a gayyaci mutum teburin Kyaftin, akan kuwa yi nazari ƙwarai kafin a zaɓi waɗanda za a zaunar a can, don kada a ɗaga wani a ƙasƙantar da wanda ya fi shi. Bayan abinci sai rawa har dare ya raba. Ran Lahadi a kan taru a babban zaure a yi addu'a irin ta Kirista.

Wani abin mamaki shi ne sha'anin agogo. Niyok tana bayan Landan da sa'a biyar. Saboda haka in ana tafiya yamma a kan mai da agogo baya da sa'a guda kowane dare, yini ya zama sa'a 25, in ana komowa gabas a tura shi gaba, yini ya zama sa'a 23. Fasinja ya sami ƙarin barci a tafiya, ya biya bashinsa a komowa.

Amma ruwa ba sa'an kwando ba ne. Maginan jirgin sun zaci girmansa ya wuce teku ta jijjiga shi, har ba su sa maƙamai a lungunansa ba, ba su kuma kafe kujeru da tebura ba. Da hunturun fari ya zo, teku ta nuna musu kuskurensu. Jirgin ya riƙa kwantawa gefe guda ya daɗe kafin ya miƙe, tasoshi na farfashewa, kujeru na gudu, fasinja na faɗuwa suna jin rauni. Dole aka sa maƙamai, aka ɗaure kayan ɗaki da ƙasa, in hadari ya taso a shimfiɗa igiyoyi a manyan zauruka, boyi-boyi su jiƙa mayafin tebur don kada faranti ya sulale. Sai cikin 1958 aka sa masa wasu fikafikai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi.

Masu riƙe da garin

Kyaftin shi ne sarkin jirgi, daga an kwance igiya har a sake ɗaure ta babu maganar da ke bisa tasa. Yana da mataimaki wanda ke lura da horon ma'aikata da tsabtar jirgi, don shi ya sami sukunin fuskantar tuƙi. A ƙarƙashinsu aiki ya kasu uku.

Kashi na fari matuƙa ne. Hafsoshinsu tsaro su ke yi na sa'a huɗu huɗu, wani ya sauka wani ya hau, ba a barin ɗakin tuƙi ko na ƙiftawar ido ba mai ido a ciki. Su kan auna tsayin rana da taurari su fitar da inda jirgi ya ke, su rubuta cikin littafin jirgi tare da gudu da iska da halin teku. Haihuwa ko mutuwa ko laifin ma'aikaci, duk sai an shigar da su littafi, littafin nan kuwa hujja ne a gaban shari'a. Akwai kuma 'yan doka masu zaga jirgi da dare, suna duban wuta da ɓarayi da masu tsallaka ƙofofin aji. In hazo ya sauka, Kyaftin ba ya sauka daga ɗakin tuƙi sai ya washe, ko da zai kwana biyu a tsaye, ana busa ƙaho wanda a ke ji daga nisan mil 10.

Kashi na biyu injiniyoyi ne, can ƙasa inda fasinja ba ya zuwa. Tukwanen tururi 27 ne, 24 na tura farfela huɗu, 3 na ba da lantarki da ruwan zafi. Mai su ke sha, kimanin tan 1,000 kowace rana. Jiragen da suka riga shi, masu cin gawayin kwal, sai da ɗaruruwan mutane masu ɗura shi da shebur cikin zafi kamar na maƙera. Mai ya kawar da wannan azaba, amma bai kawar da zafi da ƙara da tsaron dare ba.

Kashi na uku, wanda ya fi yawa, masu hidima ne: kuku-kuku, da masu gashin burodi waɗanda aikinsu na dare ne, da mahauta, da masu wanke tasa, da boyi-boyin ɗaki da na tebur, da mata masu hidimar mata, da yara 'yan aike waɗanda a kan jera kowace safiya a duba faratansu da maɓallan rigunansu. Albashinsu kaɗan ne, da kyautar da fasinja ke bayarwa ran sauka su ke cikawa. Makwancinsu a ƙasa ya ke, da yawa a ɗaki guda.

Tsakanin fasinja da hukumar jirgi kuwa ma'aji ke tsaye da akawunansa. Shi ke ajiye kuɗi da gwala-gwalan fasinja, shi ke riƙe da jerin sunayen duk wanda ke cikin jirgi, shi ke shirya takardun da ma'aikatan shige da fice na Amurka za su nema, wurinsa a ke kai ƙara in ɗaki bai gamshi mai shi ba. In jerinsa ya sami kuskure, mutum dubu biyu sai su yi ta jira a bakin gaɓa. Da an sauke fasinja kuma, cikin 'yan kwanaki kaɗan sai an share jirgi, an sha mai, an ɗebi ruwa, an loda abinci da wasiƙu, an tashi a kan sa'ar da aka buga a takarda tun watanni da suka wuce.

Zamanin yaƙi

Yaƙin Duniya na Biyu ya tashi jirgin na bisa hanyar Niyok, ya isa ran 4 ga Satumba, 1939, ya zauna can har Maris, 1940. Daga nan aka shafe shi da toka-tokan fenti, aka kai shi Sidini ta Ostareliya, aka kwashe darduma da kujerun alfarma, aka kafa gadajen soja. Saboda gudunsa ya fi ƙarfin jiragen nutso na Jamus, shi kaɗai ya kan ratsa teku, yana tafiya yana karkace-karkace. Firayim Minista Winston Churchill ya ƙetare cikinsa fiye da sau ɗaya. Cikin Yuli, 1943, ya ɗauki mutum 16,683 a tafiya guda.

A nan ne aka ga amfanin tsari a fili. Aka kasa jirgin yanki uku, ja da fari da shuɗi, kowane soja da alamar yankinsa a ƙirji, ba shi da izinin ƙetarawa. Abinci sau biyu a yini, ƙungiya ƙungiya, wasu na fita ta wannan ƙofa wasu na shiga ta waccan. Gado ma karɓa-karɓa a ke yi. Kwale-kwalen ceto ba su isa ko rabin jama'ar ba, kowa kuwa ya san haka.

An kuma ga abin da rashin daidaita magana ke jawowa. Ran 2 ga Oktoba, 1942, a arewacin Ailan, wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Curacoa ya fito rakiyarsa. Queen Mary na karkace-karkacensa, Curacoa na tafiya miƙe, hafsoshin kowane jirgi suna zaton ɗayan ne wajibi ya kauce. Ba wanda ya kauce da wuri. Queen Mary ya sare shi biyu, ya wuce, gama an ba shi oda kada ya tsaya don komi, da soja kimanin 10,000 a cikinsa da jiragen nutso a kewaye. Mutum fiye da 300 suka halaka. Aka ɓoye labarin har yaƙi ya ƙare, sa'an nan aka soma sauraron ƙarar da hukumar sojan ruwa ta kai kamfani. Cikin 1947 alƙalin fari ya wanke Queen Mary. Aka ɗaukaka ƙara, aka raba laifin uku, kashi biyu ga sojan ruwa, kashi ɗaya ga kamfani, Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a zamanin nan, ta tabbatar da wannan hukunci cikin 1949.

Ƙarshen tafiya

Cikin 1946 jirgin ya yi jigilar dubban matan da sojan Amurka da na Kanada suka aura a Ingila, da jariransu. Aka gyara shi, ya koma aikin fasinja cikin Yuli, 1947. A sa'an nan ne shi da ɗan'uwansa Queen Elizabeth suka cika lissafin da aka yi tun kafin 1930, jirage biyu, tashi kowane mako, suka yi shekara goma suna cika maƙil, kamfani na cin riba.

Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Cikin 1958 jiragen sama masu injin jet suka soma ratsa Atlantika da fasinja, tafiyar kwana biyar ta koma ta sa'o'i. Ba a jima ba sai ga jirgin na tashi cikin hunturu ma'aikata sun fi fasinja yawa, manyan zauruka fayau, makaɗa na kiɗa ba mai rawa. Cikin 1967 kamfani ya sayar da shi ga birnin Long Beach na jihar Kalifoniya a kan dala 3,450,000, bayan ya ƙetare Atlantika sau 1,001. Ya bar Sautamton ran 31 ga Oktoba. Da ya ke ya fi ƙarfin mashigin Panama, sai da ya kewaye ƙarshen Amurka ta Kudu, ya isa ran 9 ga Disamba.

Yana can ɗaure har yau, an mai da shi masauki da gidan tarihi. Baƙi na shiga suna duban katakon bango da taswirar zauren abinci, suna kwana a ɗakunan aji na ɗaya, suna leƙa ɗakin tuƙi da ɗakin inji, inda mutane suka yi shekara 31 suna karɓar tsaro daga hannun juna kowace sa'a huɗu, suna rubuta abin da suka gani cikin littafi.